Kantar "Dako" a wani shagon hayar littattafai na Maradi: a duba ƙarshen littafi kafin a biya

A bayan babbar kasuwar Maradi, a layin da masu fotokofi da masu sayar da kayan lakwal suka yi yawa, akwai wani shago mai ƙofa ɗaya da ke ba da hayar littattafai. Mafi yawan kayansa littattafan soyayya ne na Kano, waɗanda ake shigowa da su ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa, kuma su ne ke riƙe da shagon. Abin da ya sa ya cancanci bita kuwa kanta ce guda, ta uku daga ƙasa a hannun hagu, wadda mai shagon ya manna wa takarda ya rubuta "Dako" da bik. A nan ya tara tsofaffin littattafai na Faransanci da Larabci da Hausa masu zance ɗaya: mutum ya so wani, ya haɗiye, ya yi ta jira. Ba su kai 30 ba. Wanda ya zaɓe su ya san karatu. Amma halin da wasunsu ke ciki abin takaici ne, domin irin waɗannan labarai ransu yana shafukan ƙarshe, a shagon haya kuma shafin ƙarshe ne ke fara faɗuwa.

Tsarin hayar ba shi da wuya. Ana ajiye jingina jika 2 sau ɗaya, a rubuta sunan mutum da unguwarsu cikin babban kaye. Kowane littafi dala 20 ne na kwana 3, duk ranar da aka ƙara kuma dala 5. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ƴan lise sukan nuna katin makaranta a rage musu jinginar zuwa jika guda. Ana buɗewa da hantsi, a rufe da azahar, a sake buɗewa bayan la'asar har isha'i. Shagon ba shi da taga, ƙwan lantarki ɗaya ne, in an ɗauke wuta ba a ganin lambar shafi. A fito da littafin bakin ƙofa a duba shi cikin haske. Mai shagon ba ya hanawa.

Wanda aka fi nema a kantar shi ne na Stefan Zweig, marubucin Ostiriya, da ya fito cikin Jamusanci a 1922, sunansa a Faransanci Lettre d'une inconnue, wato wasiƙar wata da ba a san ko wace ce ba. Wani sanannen marubuci ya dawo gida daga tafiya ranar da ya cika shekara 41, ya tarar da wasiƙa mai kauri, babu suna babu adireshi. Mai wasiƙar ta kamu da son sa tana ƴar shekara 13, lokacin da ya tare a ɗakin da ke fuskantar nasu, tana leƙensa ta kafar ƙofa. Uwarta ta sake aure aka kai ta wani gari, ta dawo tana da 18, suka haɗu dare uku, ta haifa masa ɗa bai sani ba. Bayan shekaru suka sake haɗuwa, bai shaida ta ba, har ya cusa mata kuɗi a ɓoye kamar yadda ake sallamar matar banza. Tsohon baransa ne kaɗai ya gane ta a bakin ƙofa, da kallo ɗaya. Tana rubuta wasiƙar gawar yaron na gefenta, mura mai zafi ta kashe shi, ita ma tana jin ta a jikinta. Duk shekara ranar haihuwar mutumin takan aika masa fararen furanni ba tare da suna ba, ya zuba su a wani shuɗin tulu da ke bisa teburinsa. Da ya kai ƙarshen wasiƙar ya ɗaga kai, sai ya ga tulun wayam.

Wannan tulun shi ne ma'aunin kwafin da ke hannunka. Shagon yana da guda 3, biyu fotokofi ne da aka naɗe biyu aka buga musu ƙusar takarda a tsakiya. A irin wannan haɗi, kowace takarda ɗaya tana ɗauke da shafi 4, kuma takardar da ke can waje ita ke ɗauke da shafuka biyu na farko da biyu na ƙarshe. Ita ce ke shan hannu da gumi, ita tsatsar ƙusa ke ci da damina, ita ke fara yagewa. To, a littafin Zweig shafukan farko su ne inda mutumin ya karɓi wasiƙar, na ƙarshe su ne inda ya ajiye ta ya dubi tulun. Sauran duk muryar matar ce. In takardar waje ta fita, abin da ya rage kuka ne tsagwaronsa, babu wanda ake yi wa, kuma mai karatu ba zai san cewa har bayan wasiƙar mutumin bai iya tuno fuskarta sosai ba, wanda nan ne dafin labarin yake. Ɗaya daga cikin fotokofin biyu haka yake, yana ƙarewa da bankwanar matar, mai karatu ya rufe yana zaton ya gama. A nemi na uku, bugun aljihu na asali. Sunan da ke bisa bangonsa Amok, wasiƙar tana biye a ciki, shi ya sa masu nema da yawa ke wuce shi. Tun 2013 da haƙƙin mallakar rubutun Zweig ya ƙare a Turai, fassarori sababbi sun yi yawa, don haka kada a yi mamaki in kalmomin kwafi biyu sun bambanta.

Mai shagon ba ya ba ƴan koleji wannan littafi, kuma ya yi daidai. Akwai ciki ba aure, akwai rayuwar da matar ta shiga don ta ciyar da ɗanta. Babba ma ya kamata ya karanta shi ido buɗe. Mu Hausawa muna girmama zurfin ciki, muna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma abin da Zweig ya nuna ya wuce kara da alkunya: mace ce ta mayar da shirunta abin bauta, har ta hana yaro ubansa. Littafin yana da daraja ne domin ya sa ka tausaya mata, kuma ka ji tsoron abin da ta yi wa kanta.

Kusa da shi akwai Cyrano de Bergerac na Edmond Rostand, wasan kwaikwayo cikin waƙa da aka fara nunawa a Faris ranar 28 ga Disamba 1897. Kashi 5 ne. Huɗu na farko a 1640 suke, na biyar a 1655. Sirano jarumi ne mai baki, hancinsa ya hana shi furta wa ƴar'uwarsa Roksan abin da ke ransa, sai ya ara wa wani kyakkyawan saurayi kalmominsa, shi ke rubuta wasiƙun, saurayin na sa hannu. Saurayin ya mutu a yaƙin Aras da wasiƙar ƙarshe a ƙirjinsa, jininsa a kanta, hawayen Sirano ma a kanta. Roksan ta shiga gidan mata masu ibada tana makoki, Sirano na zuwa mata duk ranar Asabar yana ba ta labarin gari, bai taɓa cewa uffan ba. A kashi na biyar ya zo a makare da rauni a ka, ya roƙi ta ba shi wasiƙar ya karanta. Magariba ta rufa, duhu ya hana ganin rubutu, shi kuwa bai daina karantawa ba. A nan ta gane.

Duk kashi huɗun an gina su ne domin wannan magaribar. Kwafin shagon mai manne ne, ba ɗinki ba, kuma damin shafukan ƙarshe ya ɓalle gaba ɗaya. Wata ƴar lise ta dawo da shi da la'asar, ta ajiye bisa tebur ta ce, "Baba, ashe Roksan ba ta taɓa sani ba har abada?" Mai shagon ya ce, "Ɗiyata, miƙo in gani." Ya buɗe bayan, ya ga rubutun ya tsaya a filin yaƙi. Ya yi salati, ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin tebur, ya yi ta lalube har ya zaro shafukan a naɗe da roba. "Ga su. Tafi da su, ki kawo jibi, ba ki biyan komi." Halin kirki ne, kuma haka yake yi wa kowa. Sai dai gyaran da ke tafe bayan an riga an karanta littafi gurgu ba gyara ba ne. Mai ɗauka ya nemi inda aka rubuta kashi na biyar, ya tabbatar fitowa 6 ce a cikinsa, kuma kalmar ƙarshe ta littafin ita ce panache. In ba ta nan, a tambayi jakar.

Matsalar Eugénie Grandet na Balzak, na 1833, daban ce. Kwafin lafiya lau yake, ɗinkakke, mai bayanin kalmomi a ƙasan shafi. Wa'adin hayar ne bai dace da shi ba. Littafin ya haura shafi 200, a bugu da yawa babu babi-babi, kuma ya fara da dogon bayanin gida da titi da dukiyar tsohon marowaci a garin Somur kafin wani abu ya motsa. Mai karatun da Faransanci ba harshen gidansu ba ne, yana lakwal da rana, in ya yi shafi 20 a dare ya yi ƙoƙari. Kwana 3 sukan ƙare daidai lokacin da Sharl, ɗan baffan Ujeni ɗiyar marowacin, ya iso daga Faris a 1819, mahaifinsa ya karye ya kashe kansa. Da yawa a nan suke mayarwa, su ce littafin rowa ne. Alhali gaba ne ta ba shi zinariyarta kusan ta faran 6,000 ya tafi neman arziki, ya bar mata akwatinsa mai adon zinariya amana. Gaba ne uban ya gano ya kulle ta a ɗaki daga burodi sai ruwa. Gaba ne shekaru suka shuɗe babu ko wasiƙa ɗaya, har 1827 da ya dawo da dukiyar da ya tara, har da ta cinikin bayi, ya aiko mata takardar kuɗi ta faran 8,000, ya ce a aiko masa akwatinsa, zai auri ɗiyar masu sarauta. Ita kuma ta biya bashin mahaifinsa na faran 1,500,000 domin auren nasa ya yiwu. Balzak yana auna jira da kuɗi, faran bayan faran, abin da duk ɗan Maradi, garin fatauci, zai gane nan take. A yi ciniki tun farko: mai shagon yakan yarda da dala 50 na kwana 10 in an tambaya, amma bai rubuta hakan a ko'ina ba, kuma ya kamata ya rubuta.

Odisiya ta Homer tana nan, sai dai taƙaitaccen bugu ne na ƴan makaranta. Cikakkiyar waƙar kashi 24 ce. Masu taƙaitawa sukan ba da ƙarfi a kashi na 9 zuwa na 12, inda dodo mai ido ɗaya da sauran abubuwan al'ajabi suke, su tsuke zaman Penelop, matar jarumin labarin Ulis, cikin ƴan layuka. Ga kanta mai suna Dako wannan asara ce, domin ita ce uwar masu jira: shekara 20, manema 108 sun cika mata gida suna cin dukiyar mijinta, tana saƙa likkafanin surukinta da rana tana warwarewa da dare don ta ja musu lokaci, shekara 3 cur, har wata baiwa ta tona ta. A kashi na 17 tsohon kare ne ya fara shaida Ulis da ya dawo gida, a na 19 tsohuwar da ta rene shi ta gane tabon ƙafarsa, matar kuwa sai a na 23, bayan ta gwada shi da zancen gadonsu da ba ya ɗaguwa domin ƙafarsa ɗaya kututturen zaitun ce mai saiwa a ƙasa. A bugun shagon gwajin gadon layi biyu ne. Ya isa a san labari, bai isa a ji nauyinsa ba.

Ɓangaren Larabci ya fi kowanne lafiya, domin bugun Beirut da Alƙahira ne masu bango mai tauri, kuma masu ɗaukarsu malamai ne da suka saba riƙon littafi. Akwai diwanin Majnun Laila, wato Ƙais ɗan Mulawwah na ƙabilar Banu Amir, akwai kuma Ɗauƙul Hamama na Ibn Hazm, malamin Ƙurɗuba da ya rasu a 1064. Wannan na biyun shi ne abu mafi daraja a kantar, kuma shi aka fi ƙyalewa. Babi 30 ne, ya bi so daki-daki kamar yadda likita ke bin cuta: alamominsa, wasiƙa, ɗan aike, mai sa ido, mai tsegumi, rabuwa. Ya ware babi ga ɓoye sirri, ya bi shi da babin bayyana shi. A ciki akwai labarin mawaƙi Ramadi da ya ga wata baiwa a Ƙofar Masu Turare ta Ƙurɗuba, ya bi ta, ta ce su haɗu nan ranar Juma'a, ya yi ta zuwa bai same ta a wurin ba. Wani abin lura: kwafin hannu ɗaya tak ya rage na wannan littafi, yana Laidin a ƙasar Holan, an rubuta shi a 1338, kuma mai kwafar ya faɗa da kansa cewa ya rage waƙoƙi da yawa. Saboda haka in ka ga baiti ya yanke, ba laifin shagon ba ne. Bugun da ke nan ba shi da wasali, mai ƙaramin karatu zai sha wuya.

A nan ne za mu yi wa mai shagon gyara a kan jerin da ya yi. Ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Akwai son ɓoye, inda wanda ake so bai ma sani ba: matar Zweig, Sirano, da baitocin nan 14 na Félix Arvers na 1833 da ya kwafa da hannu ya liƙa a gefen kantar, waɗanda ke ƙarewa da cewa matar za ta karanta waƙar da aka yi dominta ta tambayi ko wace ce ake nufi. Akwai kuma dako, inda an yi alkawari su biyun sun sani, lokaci ne kawai ke ci: Penelop da Ujeni. Majnun ba ya cikin ko ɗaya. Shi bayyanawa ce ta kashe shi, ya ambaci Laila cikin waƙa har zancen ya cika ƙabila, uban ya ga abin kunya ne ya ba shi ita. Da za a raba kantar gida uku, mai neman ɗaya ba zai koma gida da ɗayan ba. Une si longue lettre na Mariyama Ba, na 1979, shi ma wurinsa daban, domin jiran Ramatulayi, mai rubuta wasiƙar, takaba ce, wata 4 da kwana 10, bayan mijin ya yi shekara 5 da juya mata baya. Amma yana da haƙƙin zama a kantar saboda Dauda Diyeng, likitan da ya so ta tun ƙuruciya, ya dawo bayan shekara 30 ya sake nema, ta mayar masa da amsa a rubuce cewa girmamawa ba ta isa aure ba. Kwafin nan fotokofi ne, kuma bai kamata ba: littafin yana samuwa, haƙƙin iyalanta bai ƙare ba, a sayo na asali.

Na Hausa biyu ne kacal, dukansu daga rukunin farko na ƙagaggun labarai da aka buga a Zariya bayan gasar 1933. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya nuna abin da jira ke zama in ya ruɓe: mai kuɗi ya ƙwace wa Abubakar Zainab, shi kuma ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yawon neman asirin ramuwa, abin ya faɗa kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ba soyayyar saurayi da budurwa ba ce, uwa ce ta bi sawun ɗanta da aka sace, ta faɗa bauta, aka ratsa hamada da ita har Tarabulus, ta gan shi, ba ta daɗe ba ta cika. Sanya shi a nan basira ce. Biyu dai sun yi kaɗan a garin da kowa ke jin Hausa, kuma babu ko ɗaya na waƙoƙin bege, alhali kalmar da ta fi dacewa da rabin kantar ke nan.

Lalacewar littattafan tana da dalilai sanannu, maganinsu kuma ba tsada. Rufin shagon kwano ne, a watan Afrilu da Mayu zafin Maradi yakan haura digiri 40, mannen bayan littafi ya yi laushi. Hunturu ya zo ya busar da shi ya tsage. Daga nan shafukan da ke jikin bango, gaba da baya, su ke fara saki. Mai shagon yana liƙa su da salatif, wanda kan bushe cikin shekara guda ya bar tabo rawaya ya ɗauke rubutu. Wasu kuma an shafa musu kokon rogo, abincin kyankyasai da gara. Abin da ke riƙewa ɗinki ne: a daidaita shafukan a matse su tsakanin katako biyu, a huda rami 3 da basilla kamar santimita 1 daga gindi, a shigar da zare mai ƙarfi ta ramin tsakiya, a zaga na sama da na ƙasa, a dawo tsakiya a ƙulle, sannan a shafa farin gam na kafinta a rufe da ƙyalle. Masu ɗinkin takalma na bakin kasuwa suna iya yin sa cikin minti 10. Fotokofi kuma kada a sa masa bangon roba kai tsaye, domin da zafi tawadar injin takan manne a jikin robar ta bar shafin farko fari fat. A sa farar takarda tsakani. Kantar ƙasa ta taɓa bango, ga hanyar gara nan ta fara hawa ta kusurwa, a ja ta baya ko da taƙi ɗaya ne.

Wanda zai fara zuwa ya fara da Zweig na cikin Amok, dare biyu ya ishe shi, dala 20. Mai Larabci ya ɗauki Ibn Hazm ya nemi wa'adin kwana 10. Sirano kuwa a bari sai an ɗinke shi. Mai shagon ya ce zai kai wa mai takalma bayan sallar Juma'a, shafukan suna cikin jakar ƙarƙashin tebur.